Sa Hannun Sakatariya

Innes Jappy ya shekara goma sha tara yana duba waldar bututu a rijiyoyin man da ke tsakiyar teku, amma a takarda bai taɓa zama ma'aikacin kowane kamfanin mai ba. Haka 'yan kwangilar birnin Aberdeen suke yi. Mutum ya yi rajistar ɗan kamfaninsa, manyan kamfanoni su ƙulla yarjejeniya da kamfanin, shi kuma kamfanin ya ɗauki mai shi aiki yana biyansa albashi. Kai ne maigida, kai ne yaron gida. Lokacin da mai ke tsada ba wanda ya ga aibun abin, kowa na hura hanci yana sauya mota. Da farashi ya faɗi warwas su aka fara zubarwa, kuma ko takarda ba a rubuta musu ba, don ba a korar wanda ba a ɗauka ba. Shi Innes waya aka yi masa yana jiran jirgi mai saukar ungulu, jaka a kafaɗa, aka ce ya koma gida za a neme shi.

Wata takwas ba a neme shi ba. Ya sayar da motarsa, ya daina ɗumama ɗaki sai in sanyi ya kai masa karo. Sai da wata na tara ya kama sannan ya haɗiye girman kansa, ya shiga ofishin da ake ba marasa aiki tallafi, ofishin da ya sha wucewa ta gabansa yana kau da kai. Shekararsa hamsin da huɗu, kuma bai taɓa miƙa hannu ya karɓi ko sisin gwamnati ba.

Matar da ta karɓe shi sunanta Sheena Duthie, tsararsa ce, da ganinta ka san ta gaji da jin labari iri ɗaya.

"Wa ya sallame ka daga aiki, Mista Jappy?"

"Ba kowa."

"To kana da aiki ke nan."

"Ina fa! Wata takwas ina zaman kashe wando."

"Wa ke biyanka albashi?"

"Bonny Elspet Limited."

"Kamfanin wane ne?"

"Nawa ne."

Ta cire tabarau ta murza idanu. "Ku mutanen teku sai kun ga bayana. Kai ne na biyar yau. Kowa da kamfaninsa, kowa darakta, kuma ba mai kuɗin bas."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har shi ma ya yi ɗan murmushi. Ta duba kwamfuta ta ga akantansa ya yi masa gata, ɗan albashin da yake biyan kansa ya isa a ce ya ba da gudummawarsa ga asusun ƙasa, saboda haka yana da haƙƙi. Fam saba'in da uku ne a mako. Amma muddin takarda na cewa shi ma'aikacin Bonny Elspet ne, to a idon ofis ba shi cikin marasa aiki. Sai an kwantar da kamfanin, wato an dakatar da harkokinsa, sannan ya kawo wasiƙar da ke cewa an sallame shi.

"Ba damuwa," in ji Innes. "Ba ni takarda da biro in kori kaina yanzu."

"Da kai kaɗai ne a rajista da na karɓa, don ba yadda zan yi. Amma suna biyu nake gani. Wace ce Elspet Jappy, sakatariya? Matarka?"

"Mahaifiyata."

"Tana raye?"

"Shekararta tamanin da ɗaya, kuma ta fi ni lafiya."

"To ita za ta sa hannu. Masu duba takardunmu ba sa son mutum ya kori kansa da kansa alhali akwai wani a kamfanin. Layi biyu sun isa. Ka kawo ranar Litinin da ƙarfe goma."

Ya fito ya tsaya a bakin titi cikin yayyafi. Ya gwammace a ce masa ya sake hawa hasumiyar rijiya cikin guguwa da a ce masa ya kai wa mahaifiyarsa wannan takarda.

Ga yadda aka yi ta zama sakatariya. Shekarar da ya buɗe kamfanin doka na neman suna biyu, kowa matarsa yake sawa, shi kuwa aurensa bai daɗe da mutuwa ba. Sai ya tafi Findrossie, ɗan garinsu na masunta, ya ce wa mahaifiyarsa ta sa hannu a nan da nan, suna kawai ake so. Ya manta da wadda yake magana. Elspet ta shekara arba'in tana feɗe kifi a tsaye cikin ruwan sanyi, kuma ba ta taɓa karɓar aikin da za ta yi rabi ba. Ta je ɗakin karatu na gari ta aro littafi a kan aikin sakataren kamfani, ta karance shi tsaf. Ta sayi babban littafi mai baƙin bango. Daga nan duk Asabar ɗin farko ta watan Afrilu sai an yi taron shekara na Bonny Elspet Limited a teburin kicin ɗinta. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta rubuta masu halarta biyu, masu uzuri babu. A taron ba Mam, kamar yadda yake kiranta, ba yaro, sai Darakta da Sakatariya. Dole ya tashi ya ba da rahoto: rijiyar da ya je, waldar da ya duba, wadda ya ƙi amincewa da ita da dalilinsa. Tana rubutawa harafi bayan harafi, kuma ba a ɗora shayi sai an rufe taro.

Mu mutanen gaɓar nan ba ma yabon 'ya'yanmu. In yaro ya ci jarrabawa sai a ce masa ya cire takalmi kada ya ɓata daɓe. Innes bai taɓa jin mahaifiyarsa ta ce ya yi ƙoƙari ba, iyakarta ta ce an rubuta. Amma duk Findrossie, daga mai sayar da burodi har limamin coci, ba wanda bai san Elspet sakatariyar kamfani ba ce.

Akwai kuma maganar mahaifinsa, Wull. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ƙera jiragen katako a wata ma'aikata da ke bakin ruwa, har ya sassaƙa ɗan kwalekwale nasa na kansa ya raɗa masa sunan matarsa, Bonny Elspet, sunan da kamfanin ya gada. Da sababbin masu ma'aikatar suka rufe ta, wasiƙa suka aiko masa ta gidan waya, layi biyu da injin ya buga. Wull ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji, ya zauna a kujerar bakin taga. Shekara huɗu yana zaune a wurin har ya rasu. Innes ya ga abin da wannan takarda ta yi wa gidansu, shi ya sa wata takwas yana kiran mahaifiyarsa duk Lahadi yana ce mata aiki lafiya lau, teku dai sai a hankali.

Washegari ya sami Dod Coull a shagon shayin da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Dod mai fenti ne a rijiyoyi, shi ma an zubar da shi, amma ya riga Innes shiga layin tallafi da wata biyar, saboda haka ya zama malami. Yana cin rowie, burodin nan namu mai maiƙo da gishiri, yana sauraro yana dariya.

"Wai tsohuwa ce za ta kore ka? Kai, Allah ya nuna min ranar! Ka gayyace ni in riƙe mata biro."

"Dod, ba wasa nake ba."

"To cire ta mana, kai ma da neman wahala. Tun shekara takwas da suka wuce doka ta daina neman sakatare, ko akantanka bai gaya maka ba?"

"Ya gaya min."

"Shi ke nan fa. Minti biyar ne a kwamfuta. Ka goge sunanta, ka zama kai kaɗai, ka rubuta wa kanka takarda, ka yaba wa kanka ma in ka ga dama. Ni tawa matar na cire ta tun kafin ta cire ni."

"In ta gano fa?"

"Ta ina? Tsohuwar da ke rufe talabijin da ƙyalle don kada ya yi mura?" Dod ya lashe yatsu. "Ka ga, abokina, abin a fili yake. Ko dai ka kore ta, ko ta kore ka. Na farkon ba wanda zai ji ciwo."

Maganar ta zauna wa Innes. Da ya koma gida ya buɗe shafin rajistar kamfanoni, ya cike fom ɗin cire sakatare. Sunanta, ranar haihuwarta, ranar da aikinta ya ƙare. Dod bai yi ƙarya ba, ko minti biyar bai cika ba. Saura ya danna wuri ɗaya. Ya zauna yana kallon sunan, Elspet Margaret Jappy, ya tuna yadda take jan layi biyu a ƙarƙashin sa hannunta. In ya danna, watan Afrilu zai je ya zauna a teburin nan, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta rubuta masu halarta biyu, shi kaɗai ya san ɗayansu ba kowa ba ce. Kunya ta kama shi kamar an gan shi yana lalube a jakarta. Ya rufe kwamfutar bai danna ba, bai kuma goge ba.

Ranar Laraba ya hau bas zuwa Findrossie. Tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci, ta cikin gonakin sha'ir da aka girbe, har teku ta bayyana toka-toka a hannun dama. Duk hanya yana shirya magana yana rushewa.

Ya same ta tana shanya a bayan gida, iska na neman ƙwace mata zanen gado. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ina motar?"

"Tana gareji, Mam."

"Uhm. Kama min bakin nan. Ka rame, yaro, ko a tekun an daina dafa abinci?"

Ta zuba masa miyar kyafaffen kifi da dankali, ta zauna tana kallonsa yana ci. Ya yi maganar sanyi, ya yi maganar rufin coci da ke yoyo, ya tambayi maƙwabciyarta da ciwon gwiwa. Sau biyu yana buɗe baki zai fara, sai idonsa ya faɗa kan kujerar bakin taga, ya mayar da cokali baki. Da ya gama ta kwashe kwanon, ta goge teburin, ta shiga ɗaki. Ya ji ana buɗe durowa. Da ta fito tana sanye da rigar coci, farin ƙyalle a hannu ɗaya, baƙin littafi da gwangwanin biskit a ɗayan.

"Mam, ai Nuwamba muke."

"Littafin ya ce sakatare na iya kiran taron gaggawa in wani abu ya taso. Gyara zama." Ta shimfiɗa ƙyallen, ta sa tabarau, ta rubuta kwanan wata. "Masu halarta biyu. Masu uzuri babu. Darakta, muna sauraro."

Ya tashi tsaye, don haka aka saba. Abin mamaki, da ya kira ta Sakatariya sai maganar ta fito. Ya faɗi wayar da aka yi masa a filin jirgi, ya faɗi wata takwas, ya faɗi motar. Ya faɗi ofishin tallafi da Sheena Duthie da layi biyun da ake so kafin Litinin. Biro na tafiya, kanta a sunkuye, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba.

"Akwai ƙari?"

Da ya iya cewa babu. Amma ya riga ya fara, kuma bai taɓa sa hannu a kan waldar da ya san tana da tsaga ba. Ya ce mata doka ta daina neman sakatare tun tuni, ya sani ya yi shiru. Ya ce jiya ya cike fom ɗin cire ta don kada ta ji labari, saura kaɗan ya aika.

Sai a nan ta ajiye biro. Ta buɗe gwangwanin biskit, ta tona cikin takardu, ta zaro wata ta miƙa masa. Wasiƙa ce daga ofishin rajista, ta shekara takwas da suka wuce, tana sanar da ƙananan kamfanoni cewa riƙe sakatare ya zama ganin dama.

"Adireshin kamfanin nan gidan nan ne, ko ka manta? Duk abin da ka taɓa, nan wasiƙa take zuwa. Da ka danna abin naka, da ranar Juma'a ɗan aike ya kawo min takardar korata ina cikin wanke-wanke."

Innes ya duba kwanan watan da ke kan wasiƙar. "Kin sani duk shekarun nan?"

"Na iya karatu."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce me? Kai da ubanka duk ɗaya, in an tambaye ku ya aiki sai ku ce lafiya. Rana ɗaya ce a shekara da kake tsayawa ka gaya min abin da kake yi da ranka. Ita zan mayar wa gwamnati don ta sauya doka?" Ta karɓe wasiƙar ta mayar. "Batun aikin ma na sani tun Afrilu. A taron bana rahoton wata goma ka ba ni, ka yi tsalle ka wuce biyu. Kuma a da in ka kira ni daga teku ina jin ƙugin injin a bayanka, sai na yi ihu kake ji. Yanzu agogon bangon ɗakinka nake ji."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ba a kawo maganar gaban taro ba."

Dariya ta so ƙwace masa. Ya ce, "Mam, ban so ki sa hannu a irin takardar da aka aiko wa Baba ba."

"Sakatariya," ta gyara masa. Ta sake sa hannu a gwangwanin, can ƙasa, ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi don ninki. Ba ta buɗe ba, ta dai ɗora ta a kan farin ƙyallen. "Kai yaro ne lokacin, ba ka gane ba. Ba rashin aiki ne ya zaunar da ubanka ba. Rabin garin nan sun rasa aiki a shekarar, sun tashi sun nemi wani. Shi abin da ya ci shi, shekara talatin da ɗaya, amma ba a sami mutum ɗaya da zai tako ya kalli idonsa ya faɗa masa da baki ba. Kullum yana bakin taga, ka ɗauka teku yake kallo? Hanya yake kallo."

 Sannan ta dafa teburin ta miƙe. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Tsaya da kyau. Cire hannu daga aljihu."

Ya cire.

"Innes William Jappy, kamfanin Bonny Elspet ya sallame ka daga aiki daga yau, saboda babu aiki a teku. Ba ka yi laifin komai ba." Muryarta ba ta yi rawa ba, idonta cikin nasa. Ta miƙo masa hannu. Bai taɓa musabaha da mahaifiyarsa ba tun da aka haife shi. Hannun ƙarami ne, yatsun duk sun karkace saboda wuƙa da ruwan sanyi, amma ta riƙe shi gam, ta daɗe ba ta saki ba.

Ta zauna ta rubuta a littafi. "An rufe taro ƙarfe uku da kwata. Ɗora shayi, yaro, sannan ka ba ni wuri, ina da wasiƙar rubutawa."

"Layi biyu kawai suka ce, Mam."

"Su suka ce."

Ya tafi rumfar bayan gida inda kwalekwalen ke kife a kan katako. Fentin ya ɓare, amma da ya bi haɗin katakon da babban yatsa, kamar yadda yake bin walda, bai sami inda ya buɗe ba. Ya daɗe a wurin. Da ya leƙo ta taga bayan awa guda tana nan sunkuye, baƙin littafin a buɗe tana juya shafukan baya. Sai da lokacin bas ya yi ta miƙa masa ambulan a manne, an rubuta sunan Sheena Duthie a kai.

"Kada ka buɗe. Wasiƙar kamfani ce, kai kuwa yanzu ba ma'aikaci ba ne."

"Har yanzu ni ne darakta."

"Daraktan kirki ba ya buɗe wasiƙar da ba sunansa. Ɗaura gyalenka, ka tafi kada bas ta wuce."

Da ya isa gida abin da ya fara yi shi ne goge fom ɗin nan.

Ranar Litinin ƙarfe goma saura kaɗan yana gaban teburin Sheena Duthie. Ta yage ambulan, ta zaro takardu, ta ƙirga su da yatsa.

"Shafi huɗu? Mista Jappy, sallama na ce, ban ce tarihin rayuwa ba."

"Ban san abin da ke ciki ba."

Ta sa tabarau ta fara karantawa da saurin wadda ke da mutum goma a layi. A shafi na biyu saurin ya ragu. A na uku ta daina taɓa kwamfuta. Da ta gama ta yi gyaran murya, ta daidaita takardun, ta turo masa.

"Ƙa'ida ce sai mai nema ya karanta ya tabbatar abin da aka rubuta a kansa daidai ne."

Rubutun mahaifiyarsa ne, manyan haruffa a tsaye. Shafin farko shi ne abin da ofis ke so: sunan kamfani, lambarsa, ranar sallama, dalili, sa hannu da layi biyu a ƙasa. Daga shafi na biyu ta bi shekarun ɗaya bayan ɗaya daga baƙin littafi. Ta rubuta cewa a shekara goma sha tara bai taɓa makara jirgi ya tashi ya bar shi ba. Ta rubuta shekarar da ya ƙi amincewa da wani bututu, aka sauke shi daga rijiya a fusace, bayan wata biyu aka yanka bututun aka sami tsagar a inda ya nuna. Ta rubuta cewa mutum casa'in ke kwana a kan rijiyar, ta tambaye shi adadin a taro don ta sani. Ta rubuta shekarar da ta karye a ƙugu, ya ƙi wata babbar kwangila a ƙasar Norway ya gaya wa taro wai kuɗin bai yi masa ba, kuma sakatariya ta rubuta haka ne don haka aka faɗa, amma ta san ƙarya ce.

A ƙarshen shafi na huɗu rubutun ya ɗan karkace, alamar hannu ya gaji.

"Wannan mutum ma'aikacin kirki ne, kuma ɗan kirki ne, ina alfahari da shi tun yana ƙarami. Ban taɓa faɗa masa ba, don a garinmu ba a faɗa. Amma wannan takardar ofis ce, dole a rubuta gaskiya."

Innes ya karanta wurin sau biyu. Haruffan suka fara iyo, ya kau da kai yana kallon allon da aka lilliƙa guraben aiki, ya kasa ganin ko ɗaya. Shekara hamsin da huɗu yana jiran wannan magana bai san yana jira ba, ga shi ta zo masa a ofishin marasa aiki, a cikin takardar korarsa. Sheena Duthie ta sami abin dubawa a cikin durowarta, ta daɗe tana dubawa.

"Daidai ne?" ta tambaya daga baya, a hankali.

Ya yi gyaran murya. "Sakatariyarmu ba ta kuskure."

"Na ga alama." Ta zare shafin farko ta ɗauki hotonsa a injin, ta buga hatimi. "Wannan ya ishe ni. Sauran ukun ba na gwamnati ba ne. Sa hannu a nan, ka dawo bayan mako biyu, kuma ka zo min da jerin wuraren da ka nemi aiki."

Ya sa hannu. Ya ninke shafi ukun, ya sa a aljihun ƙirji, ya maɓalle. Da ya fito yayyafi ya ɗauke. Ya tsaya a bakin titi ya ciro waya, ko da yake ba Lahadi ba ce, ya kira Findrossie.

"Lafiya?" in ji ta. "Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Mam. Sun sa na karanta."



"To," ta ce. "Ka ci abinci?"